Yadda manyan kamfanoni suka saye ƙananan masana'antun giya a Amurka da Birtaniya

A ranar 12 ga watan Yulin 2023 ne kamfanin Anchor da ke birnin San Francisco na Amurka ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa, bayan ya shafe shekaru 127 yana dafa giya.

Shekaru shida kafin nan, katafaren kamfanin Sapporo na ƙasar Japan ya saye shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 85.

Rufewar ta sake tayar da muhawarar da aka daɗe ana yi a Amurka da Birtaniya, game da abin da ke biyo baya idan manyan kamfanonin barasa na duniya suka haɗiye ƙananan masana'antu masu zaman kansu.

Ko da yake mashaya ne lamarin ya fi shafa kai tsaye, masana tattalin arziki da hukumomin hana babakere a kasuwa suna nazarinsa a matsayin misalin yadda manyan 'yan kasuwa ke shawo kan ƙananan abokan hamayyarsu ta hanyar saye su.

Wace ce 'giyar hannu'?

Giyar da ake magana a kai ita ce wadda ƙananan masana'antu ke dafawa kaɗan-kaɗan, galibi domin mutanen gari guda ko jiha guda. Ana yi mata laƙabi da giyar hannu, saboda ana ɗaukarta tamkar aikin gwanin mai sana'a, saɓanin ta manyan kamfanoni da injuna ke fitarwa da ɗanɗano iri ɗaya a ko'ina.

Kayan haɗin dai ɗaya ne, wato ruwa da sha'ir da yis da kuma furen wani tsiro mai suna hops da ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Bambancin yana ga yawan kowane ɗaya da kuma yadda ake sarrafa shi.

Ƙungiyar ƙananan masu dafa giya ta Amurka, Brewers Association, ta gindaya sharuɗɗa kafin ta amince da kamfani a wannan rukuni.

Dole abin da yake samarwa a shekara kada ya wuce ganga miliyan 6, kowace ganga tana ɗaukar kimanin lita 117. Haka kuma dole hannun jarin da wani babban kamfanin barasa ke da shi a cikinsa ya gaza kashi 25 cikin ɗari.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne tushen taƙaddamar, domin da zarar an saye kamfani, ƙungiyar na cire shi daga jerin, ko da kuwa sunansa da kwalabensa ba su sauya ba.

Asalin harkar

A shekarar 1873 Amurka na da masana'antun giya sama da 4,000. Dokar haramta barasa da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933 ta kashe akasarinsu, sannan waɗanda suka tsira suka yi ta haɗewa da juna, har ta kai a ƙarshen shekarun 1970 adadinsu bai kai 100 ba.

Farfaɗowar ta soma ne daga Anchor ɗin nan. A 1965 wani matashi mai suna Fritz Maytag ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a lokacin da yake dab da durƙushewa, ya koma dafa giya ta hanyar da aka saba a da.

A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta halatta dafa giya a gida domin amfanin kai. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyi sana'ar a gidajensu sun kafa kamfanoni daga baya, irin su Sierra Nevada a jihar Kalifoniya a 1980.

Ya zuwa 2015 yawan masana'antun ya zarce na 1873, kuma a farkon shekarun 2020 ya haura 9,000.

Ƙananan kamfanonin sun kai ga riƙe kimanin kashi 13 cikin ɗari na yawan giyar da ake sayarwa a Amurka, amma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin da ake kashewa, saboda tasu ta fi tsada.

Wannan riba ce ta ja hankalin manya, musamman ganin cewa cinikin nasu sanannun kayayyakin yana ja da baya.

Su wane ne masu sayen?

Kan gaba shi ne AB InBev mai hedkwata a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam. An kafa shi a 2008, lokacin da InBev ya sayi Anheuser-Busch na Amurka, mai giyar Budweiser, a kan dala miliyan dubu 52.

A 2016 kuma ya haɗiye SABMiller a kan sama da dala miliyan dubu 100, abin da ya sa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na giyar da ake sha a duniya ya koma hannunsa.

Sauran su ne Heineken na ƙasar Holan, da Molson Coors da Constellation Brands na Arewacin Amurka, sai kamfanonin Japan guda uku, Asahi da Kirin da Sapporo.

Biyu daga cikinsu ba baƙi ba ne a Najeriya. Heineken ne ke da mafi rinjayen hannun jari a Nigerian Breweries, mai yin Maltina, yayin da AB InBev ya gaji International Breweries ta hanyar cinikin SABMiller.

Cinikin da ya buɗe ƙofa

A watan Maris na 2011 Anheuser-Busch ya sayi Goose Island na birnin Shikago a kan dala miliyan 38.8. John Hall ne ya kafa kamfanin a 1988, kuma a lokacin cinikin yana cikin waɗanda mashaya suka fi girmamawa.

Daga nan sai saye-sayen suka yi ta biyo juna. Tsakanin 2014 da 2017 AB InBev ya mallaki Blue Point, da 10 Barrel, da Elysian, da Golden Road, da Breckenridge, da Devils Backbone, da Wicked Weed, da wasu.

Shekarar 2015 ce ta fi kowacce zafi. Heineken ya sayi rabin Lagunitas na Kalifoniya, kafin ya cike sauran rabin a 2017. Constellation Brands kuma ya biya dala miliyan dubu ɗaya domin mallakar Ballast Point na birnin San Diego.

A Birtaniya, Molson Coors ya sayi Sharp's a 2011 a kan fam miliyan 20. A 2015 SABMiller ya ɗauki Meantime, AB InBev kuma ya ɗauki Camden Town, dukkansu na birnin Landan.

Heineken ya shiga Beavertown a 2018, ya mallake shi baki ɗaya a 2022. Asahi kuma ya sayi ɓangaren giya na tsohon kamfanin Fuller's a 2019 a kan fam miliyan 250.

Me ya sa ƙananan ke sayarwa?

Babban dalili shi ne jari. Tankuna da injunan ɗura giya a kwalba ko gwangwani na da tsada, kuma kamfanin da kayansa suka karɓu yakan tarar da kansa ba ya iya biya wa kasuwa buƙata. Hujjar da John Hall ya bayar ke nan lokacin da ya sayar da Goose Island.

Akwai kuma batun gado. Waɗanda suka kafa kamfanonin a shekarun 1980 sun manyanta, wasu ba su da magajin da zai ci gaba, wasu kuma abokan jarinsu na son karɓar kuɗinsu.

A wasu lokutan ma'aikata ma sun amfana. New Belgium na jihar Colorado a da mallakar ma'aikatansa ne, saboda haka da wani reshen Kirin ya saye shi a 2019, kamfanin ya ce sama da ma'aikata 300 za su sami fiye da dala 100,000 kowannensu a asusun ritaya.

Ribar da mashaya suka samu

Masu goyon bayan irin wannan ciniki na cewa mai saye ne ya fi cin moriya.

Giyar da a da sai an je gari guda ake samunta ta isa manyan kantuna da filayen wasanni da tashoshin jiragen sama. Cikin 'yan shekaru bayan cinikin, kayan Goose Island sun bazu a faɗin Amurka har da ƙasashen waje.

Manyan kamfanoni na da ɗakunan gwaje-gwaje da motocin sanyi, don haka ɗanɗanon kan zo daidai a kowane lokaci, matsalar da ƙananan masana'antu da dama ke fama da ita.

Sannan suna sayen sha'ir da gwangwani da yawa a farashi mai rahusa, abin da ke ba su damar karya farashi a kantuna.

Ga mutumin da ɗanɗano da farashi kaɗai suka dame shi, wannan ci gaba ne.

Suna na nan, mai shi ya sauya

Sai dai masu suka na cewa akasarin masu sayen giyar hannu suna biyan ƙarin kuɗi ne bisa imanin cewa suna tallafa wa ɗan ƙaramin kamfani na garinsu.

Bayan ciniki, sunan da tambarin kan zauna yadda suke, kuma ba kasafai ake rubuta sunan uwar kamfanin a jikin kwalba ba.

Wurin dafawar ma kan sauya. Ɗaya daga cikin sanannun kayan Goose Island ana kiranta 312, wato lambar wayar tarho ta tsakiyar Shikago, amma bayan cinikin aka mayar da dafa ta wata masana'antar Anheuser-Busch da ke jihar New York.

A 2015 ta bayyana cewa giyar kwalba ta Doom Bar, wadda Sharp's ke tallata da sunan yankin Cornwall, ana dafa ta ne a Burton-upon-Trent, mai nisan sama da kilomita 400 daga can.

Irin wannan ya kai ga shari'a a Amurka. An kai ƙarar MillerCoors a 2015 bisa zargin yaudarar jama'a wajen tallata Blue Moon tamkar kayan ƙaramin kamfani, amma kotu ta yi watsi da ƙarar a shekarar da ta biyo baya.

Masu giyar Kona kuwa sun amince a 2019 su biya diyya, bayan an zarge su da sa mutane zaton cewa a tsibirin Hawaii ake dafa ta, alhali wadda ake sayarwa a sauran jihohi a can ake yinta.

Rikicin dillalai da kanta

Masu lura da harkar na cewa babban tasirin yana can inda mai saye ba ya gani.

Tun bayan soke haramcin barasa a 1933, akasarin jihohin Amurka suka raba harkar gida uku: mai dafawa, da dillali, da mai kanti ko gidan giya. A ƙa'ida mai dafawa sai ya bi ta hannun dillali kafin kayansa su isa kasuwa.

A garuruwa da yawa manyan dillalan biyu ne kawai, ɗaya na ɗaukar kayan AB InBev, ɗayan na Molson Coors. Ƙaramin kamfani ba shi da zaɓi illa ya nemi gurbi a motar ɗayansu.

A da, dillalin da ke son giyar hannu dole ya je wurin masu zaman kansu. Da manyan suka mallaki nasu, sai dillali ya sami duk nau'in da yake so daga hannu guda.

Sakamakon haka mutum na iya shiga gidan giya ya ga famfuna goma masu sunaye daban-daban, alhali akasarinsu na kamfani ɗaya ne ko biyu. Abin da ƙananan kamfanonin ke kira kashin dankali ke nan.

Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ɗauki ƙorafin da muhimmanci. Kafin ta amince da cinikin SABMiller a watan Yulin 2016, ta tilasta wa AB InBev sayar da kason SABMiller a MillerCoors, ta hana shi bai wa dillalai ladan da zai sa su yi watsi da kayan abokan hamayya, ta kuma wajabta masa sanar da ita kafin ya sake sayen wani ƙaramin kamfani.

Akwai kuma batun kayan haɗi. A 2017 AB InBev, wanda ya gaji gonakin hops na Afirka ta Kudu daga SABMiller, ya dakatar da sayar da furen ga ƙananan kamfanonin Amurka. Ya danganta matakin da ƙarancin amfanin gona a shekarar, amma waɗanda abin ya shafa suka ɗauke shi a matsayin toshe musu hanya.

A shekarar ce kuma aka gano cewa wani reshen kamfanin ya sayi hannun jari a RateBeer, shafin intanet da mashaya ke bai wa giya maki, abin da ya sa wasu ƙananan kamfanoni suka nemi a cire kayansu daga shafin.

Batun farashi

Ko da yake farashin wasu kayayyakin da aka saye ya sauka, tarihin kasuwar ya nuna cewa raguwar masu gogayya kan jawo tsada daga baya.

Wani bincike da masana tattalin arziki Nathan Miller da Matthew Weinberg suka wallafa a 2017 ya duba abin da ya faru bayan Miller da Coors sun haɗe harkokinsu na Amurka a 2008. Sun gano cewa farashi ya ɗara abin da ya kamata ya kasance a kasuwar da ake gogayya sosai da kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari.

A watan Fabrairun 2022 ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce kamfanoni biyu ne ke riƙe da kimanin kashi 65 cikin ɗari na cinikin giya a ƙasar.

A Turai ma, hukumar Tarayyar Turai ta ci AB InBev tarar yuro miliyan 200 a 2019, saboda hana shigo da giyar Jupiler mai rahusa daga Holan zuwa Beljiyam.

Martanin mashaya

Masu sha'awar giyar hannu ba su yi shiru ba.

A farkon 2015, kwanaki kaɗan bayan sanar da sayen Elysian na birnin Seattle, Budweiser ya fitar da wata talla a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka, yana yi wa masu shan giyar da aka sa wa kabewa ba'a. Elysian na cikin masu dafa irin wannan giya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Dick Cantwell, wanda dama bai goyi bayan cinikin ba, ya ajiye aiki bayan 'yan watanni.

Lokacin da aka sayi Wicked Weed a watan Mayun 2017, kamfanoni da dama suka janye daga bikin da yake shiryawa duk shekara, wasu gidajen giya kuma suka daina ɗaukar kayansa. Haka ta faru ga Beavertown a Landan a 2018.

A watan Yunin 2017 Brewers Association ta ƙaddamar da wani tambari mai hoton kwalba a kife, wanda masu zaman kansu kaɗai ke da izinin sawa. Takwararta ta Birtaniya, SIBA, ta fito da irin wannan kamfe a 2024, inda ta koma amfani da kalmar da ke nufin mai zaman kansa, bisa hujjar cewa manyan sun mamaye tsohon laƙabin.

Sai dai ƙauracewar ba ta hana ciniki ba, domin masu bibiyar wanda ya mallaki kamfani 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta da miliyoyin masu saye a manyan kantuna.

Da kasuwa ta juya

Daga ƙarshen shekarun 2010 bunƙasar ta fara tsayawa. Masana'antu sun yi yawa, annobar korona ta rufe gidajen giya a 2020, farashin sha'ir da gwangwani ya tashi, sannan matasa sun rage sha.

Wani binciken jin ra'ayin jama'a na cibiyar Gallup a 2025 ya nuna cewa kashi 54 cikin ɗari na manya a Amurka ne suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da cibiyar ta fara wannan tambaya a 1939.

Nan take manyan kamfanonin suka soma rabuwa da abin da suka saya.

A ƙarshen 2019 Constellation ya sayar da Ballast Point ga wani ɗan ƙaramin kamfani na jihar Illinois, a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai kashi ɗaya bisa goma na abin da ya biya ba.

A 2023 AB InBev ya sayar da kayayyaki takwas, ciki har da Blue Point da 10 Barrel da Breckenridge, ga Tilray, kamfanin da aka fi sani da cinikin tabar wiwi a wuraren da doka ta halatta, a kan dala miliyan 85. Molson Coors ya miƙa wa Tilray wasu guda huɗu a 2024.

A shekarar ta 2024 Heineken ya rufe masana'antar Lagunitas ta Shikago, Asahi kuma ya kwashe aikin Meantime daga unguwar Greenwich zuwa masana'antar Fuller's da ke yammacin Landan.

A irin waɗannan wurare, ma'aikata sun rasa aiki, unguwanni kuma sun rasa wuraren da suka yi suna da su, ko da kuwa sunan giyar ya ci gaba da bayyana a kanta.

Inda aka kwana

Zaman kai ma bai zama kariya ba. Alƙaluman Brewers Association sun nuna cewa a 2024 masana'antun da aka rufe a Amurka sun fi waɗanda aka buɗe yawa, karo na farko tun 2005.

Wannan ya sa wasu masana ke ganin cewa da ba a saye su ba, da wasu daga cikin kamfanonin sun mutu tun tuni. Wasu kuma na cewa matsin da manyan suka yi a wajen dillalai da kantuna na cikin abin da ya jefa ƙananan cikin wannan hali.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne, mai saye a yau na samun nau'o'in giya masu yawa fiye da na shekarun 1970, amma sanin wanda kuɗinsa ke shiga aljihunsa ya fi wuya.

Shi kuwa Anchor, a 2024 ya sake komawa hannun mutum guda, bayan Hamdi Ulukaya, attajirin nan haifaffen Turkiyya wanda ya kafa kamfanin kindirmo na Chobani, ya saye shi tare da bayyana aniyar farfaɗo da shi.